Saura Biyu

Ranar Talata aka liƙa takarda
a bangon ofishin ansifekta.
Muka taru muna leƙe kamar masu duban wata.
Na bi layi da ɗan yatsa:
Ilyasu Barma, lamba arba'in da tara.
Sun rubuta sunan ubana da kuskure,
amma kuskuren bai cece ni ba.

Shekara goma sha ɗaya ina kwantiragi
a lakwal ɗin Garin Malam.
Albashi na zuwa kamar ruwan famfon Damagaram:
ka kwana gindinsa da jarka,
ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Duk da haka ban bar aji ba.
Sai ran da aka ce kuɗi sun yi kaɗan
aka tuna ina da suna.

Mushe Tanimun fa?
Da ni aka ɗauki makararsa, damina uku ke nan,
ni na goge rubutunsa na ƙarshe daga allo.
Har gobe sunansa na fita a takardar biya,
wani na sa hannu a madadin kabari
duk ƙarshen wata, da bik mai kyau.
Shi ba a sallame shi ba.
Wataƙila don ya daina tambayar alli.

Yarana tamanin da huɗu
an kora su wurin Madam Haulatu,
rumfar zana mai tamanin nata.
Huɗu bisa benci, saura bisa buhu,
na baya suna jin darasi kamar kiran salla daga wata unguwa.
In ta fara kiran suna da safe,
kafin ta kai kan Zuwaira
an buga ƙarfen shan iska.

Littattafai kuwa suna nan cikin kabad,
sababbi fil, da ledarsu,
ana jiran wani babba daga Yamai
ya zo ya sa albarka a raba.
Gara ba ta jira kowa ba.
Ta cinye lissafi tun bara,
yanzu ta shiga tarihi.

Mabuɗin kabad ɗin na aljihuna.
Na kai wa darekta, ya ce sai da takarda.
Na je neman takarda, an ce mai hatimi ya tafi Mirriya.
Na koma, an ce ai ni ba ma'aikaci ba ne,
ba a karɓar kayan gwamnati daga hannun baƙo.

Yanzu ina bakin Kasuwar Dole
da tebur da igiyoyin caji.
Wayoyi talatin a gabana, jere, shiru,
ba mai ɗaga yatsa, ba mai neman fita fitsari.
Ban taɓa samun aji mai ladabi haka ba,
ban kuma taɓa ƙin aji haka ba.

Jiya da la'asar sai ga Nafi'u,
yana tura kurar ruwa da ta fi shi tsawo.
Ya tsaya, ya haɗe hannu a ƙirji
kamar yadda na koya musu.
Ya ce, Mushe, ba mu ƙare rabawa ba.

Na yage bayan kwali.
Ɗari, na ce, raba ta gida bakwai.
Ya durƙusa, ya ciji leɓe,
yana ƙirga da yatsun da igiya ta kanta.
Sha huɗu, Mushe.
Ya sake dubawa. Saura biyu.
Na ce daidai ne, har muryata ta koma ta aji,
mai goro na kusa ya waiwayo.

Ya ce, to biyun nan da suka rage,
ina ake kai su?

Na dube shi. Na dubi kaina.
Wata waya ta yi ƙara, ta cika.
Na ce, ka dawo gobe war haka,
ka zo da alli in ka samu.