Ɓera Mai Lamba Sha Bakwai

Ƙarfe shida, sanyin Jos na cizon yatsu ta cikin safar roba,
na buɗe ɗakin gwaji.
Ɓeraye ashirin da huɗu, farare sol kamar gurzajjen auduga,
kowanne da rauni a gadon baya,
faɗin ƙwayar wake, ba ƙari.
Ni na yi musu shi.
Sai da na sa su barci tukuna,
amma barci ba ya biyan bashi.

Rabi na shafa musu man da Dakta Nanret ta haɗa,
rabi ruwan gishiri zalla,
don a san wane ne ya yi aikin, mu ko lokaci.

Yau kwana bakwai.
Na kai Sha Bakwai ƙarƙashin madubi,
sai ga jajayen zare, gashin jariri ya fi su kauri,
sun taso daga gaɓar ciwon suna lalube,
wannan ya yi reshe,
wancan ya iske ɗan'uwansa sun ƙulla.
Jini ya sami hanya.

Ai na san aikin nan tun ina yarinya.
Baba a lambu, bakin tsohon ramin kuza a Lamingo,
yana jan ruwa da bakin fartanya, fangali zuwa fangali,
yana cewa ƙasa ba ta mutuwa,
ƙishi ne ke kwantar da ita.

Yanzu dunduniyarsa ce fangalin da ruwa bai kai ba.
Ciwon suga. Gyambo wata sha ɗaya.
An sa zuma, an sa hoda, an sa addu'a.
Shekaranjiya likita ya auna ƙaurin da ido,
ya rufe fayil, bai ce uffan ba.

Baba ya ce, Lantana, ɓerayenki sun warke?
Na ce saura ƙiris.
Ya yi dariya har da tari:
shekara arba'in ina ɗana musu tarko a rumbu,
yau su ne a gaban layi.

Ban gaya masa tsawon layin ba.
Daga bayan ɓera zuwa ƙafar mutum
tafiya ce ta shekaru, wani maganin a hanya yake kwana.

Na rubuta: milimita biyu da rabi.
Sha Bakwai ya zauna yana wanke fuska da hannu bibbiyu,
ko kallona bai yi ba.
In an tashi zan biya ta Taminos
in sayi bandeji.