Rigunan da na jiƙa a shayi

A bayan gidanmu na Makera na dafa shayi tukunya guda,
ba don baƙi ba.
Riguna goma sha biyu na tsoma a ciki,
gwanjon Kasuwar Barci.
Na farke musu zif da reza,
na dirje wuyansu da dutse har zare ya fara gashi.
Tanimu mai ba da umarni ne ya ce,
"So nake duk wanda ya gani ya ce an daɗe.
Zamanin buɗe masaƙa muke yi, ba shekaranjiya ba."

Gwaggo Tasalla na kan tabarma tana tsintar shinkafa.
Ta dubi tukunya, ta dube ni,
ba ta ce uffan ba.

Sai daren da aka nuna kashi na uku.
Wuta ta yi mana kara ba ta ɗauke ba.
Gwaggo ta ja jiki gaban talabijin
har numfashinta na dusashe gilashin.

"Wace ce wannan?"
Na ce mai tuwon ƙofar masaƙa ce, irinki.
"Wa ya mutu mata?"
Ba kowa.
"To gobara aka yi a gidansu?"

Ta shiga ƙirga mini laifina da yatsu.
Wannan ɗaurin ɗankwali na 'yan bikin bana ne,
namu bai taɓa miƙewa sama kamar zai kira salla ba.
Wancan takalmin sai bayan yaƙi ta fara ganinsa.
Ga mijin da agogo a hannu,
alhali jiniya ce agogon kowa a Kakuri.
Duk wannan, in ji ta, ta yafe,
yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Launin ne ba ta yafe ba.
"Kin zuba mu a ruwan ƙasa gaba ɗaya
kamar gara ce ta haife mu.
Ke, mu ma fa sabo muka saya.
Ranar albashi titi har kashe ido yake yi.
Farar rigar Baban Audi ni ke sa mata bula,
in bi ta da dutsen guga, gawayi na tartsatsi,
in ya hau keke sai ka ce balbela.
Talauci muka yi, ban musa ba.
Amma ba mu san a zamanin da muke ba,
mu a yau muke."

Ta jawo adaka daga ƙarƙashin gado.
Kafur ya riga hannunta fitowa.
Atamfa ce, rawaya da kore,
rawayar irin ta ƙwanduwar ƙwan zabo,
ninkinta ya yi kaifi don daɗewa,
sau huɗu ta ce ta taɓa ruwa.

Washegari na kai ta wurin ɗauka, bayan tashar jirgi.
Tanimu ya ɗaga ta a rana, ya girgiza kai.
"Ta yi sabuwa da yawa.
Masu kallo za su ce ba mu yi bincike ba.
Ko za ki ɗan tsoma ta?"

Ban tsoma ba.
Na jira har hankalinsa ya koma kan fitilu,
na ɗaura wa wata yarinya cikin masu wucewa ta baya,
wadda aikinta kawai ta ratsa da tire a ka.

Kashi na bakwai, ana tsaka da rigimar albashi,
manyan 'yan wasa na ta ɗaga murya cikin rigunan shayina,
rawaya ta gifta a bayansu.
Ko daƙiƙa uku ba ta yi ba.

Gwaggo ta dafa gwiwata.
"Ga ni can," ta ce.
Sannan, bayan ɗan shiru:
"Amma tiren, namu na tasa ne."