Bandir Goma Sha Biyu

Ran Asabar, la'asar sakaliya,
mota ta tsaya ƙofar majami'armu a Mabera.
Baƙin gilashi, farar shadda, turare har bakin titi.
Ya cire hula kamar ɗan gida,
ya ɗaga kai yana ƙirga hujojin rufinmu
da ido irin na dillalan Kara.

"Fasto Habila, kwano bandir goma sha biyu,
da ƙusa, da kuɗin kafinta.
Ba mu ce ka yi kamfe ba, Allah ya kiyaye.
Gobe dai, in ka zo addu'ar rufewa,
ka ambaci sunan maigidanmu. Sau ɗaya tak."

Ba zan ɓoye ba, na haɗiye miyau.
Damina uku ke nan Mama Tabita
na zuwa sujada, littafin waƙoƙi a dama, roba a hagu,
tana tarar ɗigo a benci na uku.

Na ba shi ruwan randa. Na raka shi mota.

Da dare dattijo Barnaba ya faɗo, ko zama bai yi ba:
"Ruwa na dukan garke, makiyayi na alfahari!
Suna ɗaya, mi za shi rage maka?"
Na ce, Baba, ka san Iliya mai faci
da surukinsa Nuhu na asibiti.
Wata biyu ba sa gaisawa saboda fosta,
amma ran jibin Ubangiji
ƙoƙo ɗaya ke bi ta hannuwansu.
In na kira sunan nan daga mumbari,
ɗayansu zai ce amin,
ɗayan zai laluba takalminsa.
Wa zan bi in dawo da shi, da wane baki?

Ba kurma ba ne ni.
Zan yi magana kan fanshon da ya maƙale
har mai shi ya riga shi zuwa kabari,
kan mudun gero da ya fi ƙarfin gwauruwa,
kan mai rantsuwa da safe ya ci amana da yamma,
ko hularsa ja ce ko fara.
Wannan kam aikina ne.
Amma katakon nan da nake dafawa
ba ni na saye shi ba, aro aka ba ni,
kuma mai kayan aro ba ya kai su kasuwa.

Ni ma ina da wanda nake so.
Ran zaɓe zan bi layi a firamare,
bayan Malam Ummaru mai shayi,
rana ta gasa mu tare har azahar,
in dangwala, in koma gida da baƙin yatsa.
Ko Rifkatu sai ta yi da gaske take jin wa na zaɓa.

Lahadi hadari ya taso daga gabas
ina tsakar wa'azi.
Mama Tabita ta sunkuya ta gyara robarta.
Ɗis. Ɗis.
Barnaba ya kalle ni, na kalli takarda.
Can sai Iliya ya matsa daga inda ke zuba,
babu wuri sai kusa da Nuhu.

Nuhu ya ɗan jima.
Sannan ya janye gefen rigarsa.