Kunne a Kan Bututu

Da asuba aka sako ruwan Ajiwa,
Rafin Daɗi ta farka da ƙarar bokiti.
Baba Ilu, da ya tsufa a hukumar ruwa,
ya ce, "Ɗora kunnenka a ƙarfen nan, yaro."

Na ɗora. Ciki kamar kasuwar Charanci ta cika:
ruwa na ture ruwa,
na gefe na goga kafaɗa da tsatsa,
na tsakiya na wucewa ba sallama.

Sai na murɗe makunnin da garaje.
Gwaram!
Bututu ya zabura kamar an mare shi.
Ruwan gaba ya ci birki,
na baya bai ji labari ba,
ya zo ya daki ƙeyarsa.
Bugun ya juya, ya bi hanya da baya,
ya fi ruwan da ya haife shi sauri,
ya kai tanki, aka ce masa koma,
ya dawo ya ƙwanƙwasa: gwam.
Ya sake zuwa. Gam.
Ya kuma. Ƙas.
Kowane sawu hargitsin ciki na karɓar kuɗin fito,
har ya tsiyace, ya yi tsit.

Baba Ilu ya nuna mini gwiwar bututu
inda walda ta soma gumi.
"Ba ruwan ne ya yi zirga-zirgar ba, saƙonsa ne.
Mai gudu ba a tare shi farat ɗaya.
Rufe a hankali,
kamar ƙofar ɗakin da jinjiri ke barci."

Har yau, in zan katse wa mutum hanzari,
gumin waldar nan nake fara gani.