Abin da Ƙasa Ta Sha

Sahiya ta komo daga jami'a
da ƴan faya-faye a kwalin ashana,
tagulla a baya, farin tangaran a ciki,
kowane bai fi kwabon dala ashirin ba.
Ta ce, "Baba, waɗannan ba su jin lallashi.
Sai an matse su suke magana.
Danginsu ne a cikin birike,
mai tofo wuta in ka danna."

Na ce to.
Ni majemi ne. Bagaruwa na sani, da toka,
da warin da ke riga ni shiga masallaci.

Ta kawar da turmin uwarta,
ta jera shida tsakanin katako da guntuwar tayar kabu-kabu,
ta mayar da turmi bisa,
ta ja waya siririya kamar gemun masara
zuwa wani ampul, ƙwayar wake.

Bayan magariba kuran ya tafi yawonsa,
Bagalam ta yi duhu har bakin titi.
Cima ta ɗauki taɓarya.
Dum. Ya ƙifta.
Dum. Ya ƙifta,
kore shar, idon kyanwa a gindin rumbu.
Ƙanwarta ta shigo, suka kama lugude,
sai ya daina ƙiftawa, ya zuba mana ido.

Cima ta tsaya, ta share goshi da haɓar zane.
"Shekara talatin nake daka a gidan nan.
Wutar duk ina ta tafi?"
Ba wanda ya amsa.
Ni dai ƙasa na duba.

Washegari yarinyar nan ta shiga fatuna,
ta yanki tafin hannu daga ta jar akuya,
wadda na riga na karɓi kuɗinta!
Ta haɗa ta da baƙar leda,
ledar da ta kashe mana tunkiya bara.
Wai fata mai kyauta ce, leda mai karɓa,
su taɓa, su rabu, su taɓa, su rabu,
a tsakanin nan abin yake.
Ta sa min a takalmi.
Na je babbar kasuwa na komo,
ina tafe ina haihuwar wutar da ba ta ƙona ko sauro.

Ɗan Jimo ya leƙo ta katanga:
"Tana cika salula?"
Ba ta cikawa.
Da Gulbi ya kawo ruwa ma, laima ta shiga,
fata ta yi gum, leda ta yi gum.
Sahiya ta rubuta ranar a littafi,
ta ja layi biyu, ba ta ce komai ba.

Ta koma makaranta ran Lahadi.
Wayar tana nan, kaji sun tsattsage rabi, na ɗaure da zare.
Cima kuwa, da can da la'asar take gama daka.
Yanzu sai ta jira duhu.