Abin Da Ban Sa a Wasiƙa Ba

Eulogio ya ce in rubuta wa ikilisiyar gida,
wata ya mutu, suna jiran labari.
Na ɗauki biro, sanyi ya daskarar da tawada,
sai da na ɗumama shi a hammata ya yarda.

Na rubuta: Muna lafiya a Yuraj Rumi.
Ban ce ruwan bokiti kan wayi gari dutse ba,
sai na sa masa gatari kafin in ɗora shayi.
Ban ce iskar tudun nan marowaciya ba ce,
ka ja, ka ja, ƙirji bai cika ba,
kamar bashin da ake biyan ka da kwabo-kwabo.
Mu 'yan gangare ne, 'yan Beni,
inda mangwaro ke faɗuwa ba mai sunkuyawa.
Nan ko itacen jingina babu.

Na rubuta: Aiki yana ci gaba.
Ran Lahadi mutum bakwai suka hallara,
huɗu a ciki mu ne.
Eulogio ya yi wa'azi da Kecuwarsa mai ɗingishi,
ya so ya ce Makiyayi na neman tunkiyarsa,
sai tsohuwa Sabasta ta toshe baki da mayafi,
kafaɗunta suna rawa.
Har yau ta ƙi gaya mana abin da ya faɗa.

Na rubuta: Ku tuna da babur cikin addu'a.
Sarƙarsa ta tsinke a hanyar Potosi,
maigida ya turo shi awa biyar cikin ƙanƙara,
ya iso leɓe a tsage, yana cewa ba komai.
Ku tuna da Nélida, ta gama ajin ƙarshe na nan,
baɗi sai birni, a hannun mutane.
Tun yanzu take ninke kayanta,
ba ta bari idonmu ya haɗu.

Ga wanda ban san yadda zan sa ba.
Daren Talata tari ya shaƙe Isidro,
tukunyar gas ta ƙare, kuɗin wata bai iso ba,
asibiti na bayan kogi, kogin ya kawo.
Na durƙusa, amma ba addu'ar littafi ta fito ba.
Na ce, Ubangiji, kai ka aiko mu,
ko mu muka aiki kanmu da sunanka?
Shiru.
Sai ƙirjin yaro yana kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Can aka buga.
Sabasta ce, da mijinta Crisóstomo,
wanda inuwarsa ma ba ta taɓa shiga majami'a ba,
goye da buhun busasshen kashin lama.
Ba sallama, ba tambaya.
Ta hura wuta, ta dafa wani ganye mai ɗaci,
ta murje ƙirjin ɗana da kitse
da hannun nan nata mai kaushin dankalin tudu.
Ta faɗi magana, na ji ta duka, karo na farko:
Sanyi bai san ɗan fasto ba.

Da asuba Isidro ya nemi abinci.

To, yaya zan gaya wa masu kujerun katifa
cewa amsar ta zo cikin buhun kashi,
a bayan mutumin da muka zo nema?

Na rubuta: Allah ya biya bukata.
Na ƙara a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
Ku roƙa wa Fermina zuciya,
tana yawan ƙirga kwanaki.

Eulogio ya yi barci, ƙamus a kan ƙirjinsa.
Na liƙe ambulan da yawu.
Motar kaya za ta zo Alhamis,
in kogi ya ba ta hanya.