Zugazugi

Ina ɗan shekara bakwai ka zaunar da ni gaban zugazugi,
ka ce, "Nomau, ban da garaje, wuta ba ta son haki."
Yau kwana ashirin da uku
wani zugazugin ke hura ka,
gado na huɗu, ɗakin reyanimasiyo, Yamai.
Shi ba ya gajiya. Ba ya leƙen ƙofa
ko yara sun tafi ƙwallo sun bar shi.

Da tari da zazzaɓi muka taso daga Tawa,
kafin Dogonduci leɓɓanka sun yi shuɗi.
Aka ce kwana uku, in ta yi tsawo biyar.
Dokta Hamsatu ta ɗaga hoton ƙirjinka ga fitila:
ga hayaƙin gawayi na shekara hamsin,
ga ciwon sugan da ka ɓoye mana,
ga rama, ga tsufa.
Ta ce na'urar ma tana da nata bashin,
wanda aka daɗe ana yi wa numfashi
ƙirjinsa kan saba da hutu,
kamar laujen da ya yi damina biyu a rataye.

Mako na biyu, sabon zazzaɓi ya biyo ta bututu.
Takardar magani ta zo, jika talatin da biyar.
Tunkiyar Inna ta tafi.
Wani ya taya uwar maƙera ta waya, na kashe wayar.

Ran sha huɗu suka nemi sa hannuna
za su huda maka maƙogwaro,
kai da kake huda ƙarfe yana ja wur.
Na sa, biro na rawa.
Da suka zare bututun baki sai na ga haƙoranka,
har da wawulon nan na hagu,
rabona da shi tun tasha.

Majo Sahabi na juya ka duk awa biyu
yadda kake juya ruwan gatari cikin garwashi,
kada gyambo ya kama baya.
Ya zuƙe majina, ya ɗaga kan gado,
kunu ya bi ta hanci a sirinji.
Daren da kuran ya ɗauke, gurup ya yi gardama,
batir ya kama kuka,
ya fizgi jakar roba yana matsa ta da hannu.
Ina bayan gilashi, kafaɗuna na hawa da sauka,
sun san kiɗan.

Yarinyar gado na biyu, wadda mota ta kaɗe,
an fita da ita a keke, tana neman takalmanta.
Gado na shida, malamin lakwal daga Gaya,
an ja masa labule ran Talata.
Ban tambaya ba.
Matarsa ta bar mini tabarma da buta.

Yanzu sun rage maganin barci.
Da hantsi sukan raba ka da na'ura, su zuba ido.
Minti goma. Washegari rabin awa.
Shekaranjiya ka kasa, gumi ya jiƙa matashi, aka mayar.
Dokta ba ta yi mini alkawari ba.
Ta ce ko an fita, murya za ta dushe,
tafiya sai an koya,
guduma kuwa, ta dubi ƙasa.

Yau awa ɗaya da minti shida.
Na riƙe hannunka, kantar duk ta ɓare,
tafin ya yi laushi kamar na akawu.
Ƙirjinka ya soma sauri, idonka na neman ƙofa.
Na sunkuya daidai kunnenka,
na ce, "Baba, ban da garaje."
Leɓɓanka suka motsa, babu sauti.
Sahabi ya ce ruwa kake nema.
Ni na san zagina ka yi.